Mutumin da Ya Ƙi Cin Abincina

Ni matsoraci ne, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Matata takan ce ko ƙadangare ne ya faɗo daga kan katanga sai na bincika wanda ya aiko shi. Amma a shekarun da nake magana a kansu, tsoro ba abin kunya ba ne a Dutsin-Ma. Kowa ya san wani da ɓarayin daji suka ɗauke a gona ko a hanya, kuma kusan duk labarin da za a ba ka wuri guda yake ƙarewa: wani wanda ya san shi ne ya nuna shi.

A cikin wannan hali ne na bar koyarwa na ce zan fara turkar shanu. Ina da gonar gado a Karofi da ke ba ni harawa da kowar wake fiye da yadda zan iya sayarwa, ina da kango a bayan gida, ga rijiya. Abin da ba ni da shi, ido. Sa na farko da na saya da kaina, wata biyu yana cin harawata kamar an aiko shi, ba abin da ya ƙaru a jikinsa sai ƙaho. Da na kira mahauci, ya ɗaga fatar idon san, ya dube ni, ya ce ciwon hanta ne, kuma tun ranar da na saye shi kowa a kara, wato kasuwar shanu, ya sani, ban da ni. Ranar na yarda ina bukatar abokin tarayya wanda ya san dabba, ni in kawo wuri da abinci, shi ya kawo ido, abin da Allah ya bayar mu raba biyu.

Na fara da wani abokin karatuna. Ya san shanu daidai gwargwado, amma bakinsa da wayarsa ba sa hutawa. Ranar da ya zo ganin kangon, kafin in kawo masa ruwa ya riga ya ɗauki hoton kansa a ƙofar gidana ya watsa wa duniya, wai ga sabon kamfaninmu. Na ce ya goge, ya ce talla ce. Na ce tallar da za ta kawo mini baƙi da bindiga ba na so. Kwana uku ban fita sallar asuba masallaci ba. Daga nan muka rabu, har yau yana ce mini sarkin tsoro in mun haɗu, ni kuma ina amsawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fataucin hatsi ya yi duk rayuwarsa, kuma yana da wata ƙa'ida da ya dasa mana tun muna yara. Ba ya haɗa harka da mutum sai sun sa hannu a kwano ɗaya. Yakan ce wanda ya ƙudurta cutarka ba zai yarda ya ci abincinka ba, domin yana tsoron abincin ya kama shi. Ban taɓa tambayarsa inda ya samo wannan ba. Na dai riƙe shi kamar karatun allo.

Da na rasa yadda zan yi, sai na je wurin wani tsohon dillali a kara, aminin mahaifina, wanda muke kira Baba. Asalinsa Bafulatani ne, amma ya fi shekara arba'in a gari, Hausa kawai yake yi, yana cin goro yana zagin direbobi kamar kowa, har na manta da asalin nasa gaba ɗaya. Na faɗa masa bukatata. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Akwai wani yaro can wajen Barkiya. Ka dawo kasuwa mai zuwa.”

“Baba, wane iri ne? Mutumin kirki ne?”

“Ka dai gani da idonka,” in ji shi, ya juya ya ci gaba da cinikinsa.

Wannan amsa ba ta kwanta mini ba. Baba mutum ne da in zai yabi akuya sai ka ɗauka raƙumi yake sayarwa. Yau ga mutum sukutum ya kawo mini, ya kasa faɗin kalma ɗaya ta alheri a kansa.

Ranar kasuwa mutumin ya zo. Dogo ne siriri, zai yi shekara talatin da biyar, da malafa da sanda da shuɗiyar taguwa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Bai shigo rumfar Baba ba, ya tsuguna a bakinta ta bayan ginshiƙi, ya yi gaisuwa da muryar da sai ka kasa kunne. Baba bai dube shi ba. Bai kira sunansa ba. Ya nuna shi da haɓa kawai ya ce mini, “Ga shi nan,” ya tashi ya koma ɗaya gefen rumfar ya ba mu baya.

Aiki kam ya iya. Muka zaga kara, ya buɗe bakin wani maraƙi ya dubi haƙora, ya matsa bayan tozo, ya tsaya yana kallon yadda yake tuƙa, ya ce wannan ƙashi gare shi, wata uku zai cika. Wani kuma da ya cika mini ido, ko taɓa shi bai yi ba ya ce an ɗura masa ruwa da kanwa ne da safe. Raina ya yi fari. Da muka dawo rumfa na aika aka kawo ɗanwake mai zafi da mai da yaji, na ajiye tsakaninmu, na ce bisimilla.

“Alhamdu lillahi, Malam,” in ji shi. Ko kallon kwanon bai yi ba.

Na ce wataƙila azumi yake. Kasuwa ta biyu na sayi tsire, ya ce alhamdu lillahi. Ta uku na sa aka dama fura da nono mai kyau, na ce ai wannan ko mara lafiya ya sha. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, leɓensa a bushe, tun safe yana cikin rana, amma ya kau da kai ya ce ya gode. Na dubi Baba, na ga ya ƙura wa wani buhu ido kamar bai san muna wurin ba. Sai komai ya haɗu a kaina: tsohon nan tsoron mutumin yake ji. Tilasta shi aka yi ya kawo shi. Shi ya sa ba ya kallonsa, ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa. Yana yi mini kashedi ne da shirunsa, ni kuma na tsaya ina sayen tsire.

A ranar ce kuma mutumin ya ce, in da gaske nake, in zo mu je rugarsu in ga maruƙan da za mu fara da su, domin a can sun fi sauƙi kuma ya san uwar kowane. Na buɗe baki in ce a'a, kwaɗayi da kunyar Baba suka sa na ce to. Kafin mu rabu na yi kamar ina duba saƙo, na ɗaga waya na ɗauki hotonsa yana tsugune.

Akwai maƙwabcina da ke cikin 'yan sa-kai, masu tsaron hanya. Da yamma na same shi a ƙofar gida, na tura masa hoton. Na ce jibi zan bi wannan mutumin Barkiya, ban yarda da shi ba, in la'asar ta yi ban dawo ba, to shi ne. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, “Kar ka damu, Malam. Irin su mun san su.” Na shiga gida ina jin na yi dabara.

Ranar tafiya matata ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da dabino a leda. Na sami mutumin a tashar Kurfi da hantsi, na hau bayan babur ɗinsa. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsayi, lokacin da kowa ya san ba a ganin abin da ke cikin gona sai ya fito. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar daji, geron ya rufe mu hagu da dama. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ina kallon ƙeyarsa ina tunanin yadda zan diro in ruga, alhali na san ko ɗan akuya ba zan tsere wa ba. Na duba waya, sabis ya ɗauke.

Mun yi kamar rabin awa a haka sai ya rage gudu, ya saki hanya, ya nufi gindin wata tsamiya, ya kashe babur. Ba gida, ba mutum, sai kukan kurciya. Na sauka. Na tuna ban gaya wa matata inda takardar gona take ba. Na tsaya ina jiran in ga ta wane ɓangaren geron zai buɗe.

Ya cire malafa, ya zauna a kan saiwa, ya ɗan yi murmushi cikin jin nauyi.

“Malam, halan akwai wani abin taɓawa cikin ledar nan? Wallahi ban karya ba na hito.”

Ban gane ba da farko. Na miƙa masa ledar. Ya yi bisimilla ya ɗebi ƙuli-ƙuli, ya turo mini saura, ya shiga ci kamar wanda ya kwana biyu a hanya. Ina tsaye ina kallon hannunsa yana shiga ledata yana fita. Tsoron da ya cika mini ciki ya juye ya koma haushi.

“Bawan Allah, sau ukku ina aje maka abinci kana ƙi! Mi na yi maka?”

Ya daina tauna. Ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙwallon dabino.

“Ai gabanshi ne, Malam.”

“Gaban wa?”

“Shi dai.” Da ƙyar ya ƙara da cewa, “Ɗiyarshi ta hwari, ita ce ɗakina.”

Sai da na dafa tsamiyar. Ashe Baba surukinsa ne. Bafulatani ba ya cin abinci a gaban surukinsa ko yunwa za ta kashe shi, wannan ko yaran unguwarmu sun sani. Shi kuma Baba ba zai kira sunan mijin 'yarsa ta fari ba, ba zai dube shi ba, balle ya zauna yana yabonsa a kasuwa kamar yana tallar nasa. Abu mafi girma da zai iya yi masa shi ne abin da ya yi, ya haɗa shi da ɗan amininsa. Duk na san wannan al'ada. Goron Baba da zagin direbobinsa ne suka mantar da ni ko shi wane ne.

Na zauna muka cinye ledar tare. Na yi dariya har da hawaye, shi yana kallona bai san dalili ba.

Rugarsu 'yar ƙarama ce, bukkoki kaɗan da garke. Ya ce da sun fi haka, ɓarayin sun kore musu fiye da rabin shanu shekara biyu da suka wuce, wasu 'yan'uwansa suka tashi. Shi ya sa yake neman wata sana'a da ke da ƙafa ɗaya a gari. Matarsa ta aiko da fura a sabuwar ƙwarya, muka sha. Ya nuna mini maruƙa huɗu, yana faɗa mini halin uwar kowane. Muka yi azahar a kan buzu. Ina cikin jin daɗi na manta da komai, sai hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Da aka ɗauke muka kamo hanya, muka tarar rafin da muka tsallako da safe ya cika ya batse. Ya ce sai mun jira ya janye. Na dubi rana, na ga ta karkata. A nan maganar da na yi wa maƙwabcina ta dawo mini, kalma bayan kalma. Na ciro waya, ba sabis. Na hau wani tudu na ɗaga ta sama, ba sabis. Tsoron da na ji da safe wasa ne a kan wannan. Da safe raina nake ji wa tsoro, kuma ban yi wa kowa laifi ba. Yanzu ran wani ne, kuma ni na kai shi.

Na sauko na tsuguna a gabansa na faɗa masa duka. Na nuna masa hoton.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon kansa.

“Yanzu wanga hoto, wayar mutum nawa shike?”

“Mutum guda ne. Wallahi mutum guda.”

Ya girgiza kai a hankali ya miƙo mini wayar. Ya ce akwai shingen 'yan sa-kai kafin a shiga Kurfi, kuma ba wata hanya sai ita. In ya koma ruga ya bar ni na tafi ni kaɗai a ƙasa, kafin in isa an riga an zo nemana, kuma akwai mata da yara a can. Ya cire malafar, ya dube ta, ya jefa ta cikin ruwan.

“In mun ƙetare kai za ka tuƙa, Malam. Su hwara ganin huskarka.”

Sai bayan la'asar ruwan ya janye zuwa gwiwa. Muka tura babur muka haye. Ban iya tuƙi a laka ba, sau biyu muna faɗuwa. Ina jin numfashinsa a bayana.

Shingen buhunan yashi ne da tsofaffin tayoyi, da mutum biyar ko shida da bindigogin toka. Tun daga nesa na fara ɗaga hannu ina kiran sunana da sunan unguwarmu, ina cewa ga ni, lafiyata lau. Ɗaya daga cikinsu ya dubi wayarsa, ya dubi wanda ke bayana, ya ce, “Shi ne.” Kafin in kafe babur sun fizge shi sun kwantar da shi rubda ciki a cikin taɓo, an ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Ni da nake gudun ƙadangare, na rungume bayansa ina ihu, ina rantsuwa, ina cewa ni na ɗauki hoton, ƙarya na yi, surukin Baba dillali ne, a kira maƙwabcina, a kira Baba, a kira duk wanda za a kira. Wani ya ce ai haka suke sa mutum ya faɗa in sun tsorata shi. Na ce to a harbe mu tare.

Allah ya sa akwai sabis a wurin. Maƙwabcina ya ɗauka, ya yi magana da babbansu, aka daɗe ana ja, sannan aka ce mu tashi. Da na karɓi wayar na ce masa ai cewa na yi sai la'asar. Ya ce, “To Malam, ai ba a jira sai abu ya lalace. Tun da hantsi na tura ma mutanenmu don su zama cikin shiri.” Na tambaye shi mutum nawa. Ya ce bai sani ba, kowa ya tura ma nashi.

Na ɗauka ba zan sake ganin mutumin ba. Na je na durƙusa a gaban Baba na faɗa masa abin da na yi, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah shi kyauta. Bayan kwana shida sai ga kiran mutumin, wai yana tashar Kurfi, in zo in ɗauke shi. Na kawo shi zaurena. Matata ta yi tuwon dawa da miyar kuka, muka sa hannu a kwano ɗaya kamar yadda mahaifina yake so. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce maruƙan suna nan, ranar da na shirya a kawo su.

“Bayan abin da na yi maka?”

“Malam, yanzu duk inda anka tsaida ni, kai kaɗai ne za ka ce ƙarya ne. In na rabu da kai, wa za ni kira?”

Shekara uku ke nan muna tare. Ba mu taɓa yin asarar dabba ba, ba mu taɓa sa-in-sa ba. Mutane suna cewa na yi dace da abokin harka, har wasu suna zuwa su tambaye ni yadda aka yi na samo shi. Bai sake sa malafa ba, bai sake sa shuɗiyar taguwa ba, kuma ba ya shiga kasuwar Kurfi ko ta Dutsin-Ma shi kaɗai. Duk ranar kasuwa ni nake zuwa in tarye shi a bakin kwalta, in mayar da shi kafin la'asar. Na bi duk wanda na sani na roƙe shi ya goge hoton, wasu sun goge a gabana.

Bara ina cikin mota zuwa Katsina, wani mutum da ban taɓa gani ba, da ke zaune kusa da ni, ya miƙo mini wayarsa. Ya ce in duba da kyau, wannan babban mai kai wa ɓarayi rahoto ne, an ce mutum ashirin ya sa aka ɗauke. Hoton ya dusashe saboda yawan turawa, amma shi ne, a tsugune bayan ginshiƙin rumfar Baba, ya kau da kai. A ƙasan hoton, daga gefe, ana ganin bakin ƙwaryar furar da na sa aka dama masa.

Tun daga nan har muka isa ina yi wa mutumin bayani. Ya saurare ni, ya ce to, Allah ya sa gaskiya ne. Ya mayar da wayar aljihu ya sauka, bai goge ba.

Ban gaya wa abokin harkata wannan ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya na je na ɗauko shi kamar kullum, muka zauna a zaure, ya wanke hannu ya jawo kwanon. Yana ci yana ba ni labarin wani maraƙi da ya gani. Har yau ban iya tambayarsa ba ko da zai zauna da ni in da yana da wanda zai kira ban da ni.